Ina son haɗa ɗakin gwajin saba a gida, amma aljihuna na ɗalibi ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Ina son in haɗa ɗan ɗakin gwaji a gida don in koyi harkar sadarwa da sarrafa saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da hannuna, ba a takarda kawai ba. An yi mini tallan tsohuwar saba, Dell PowerEdge R710, da araha. In saya? Abin da nake da shi laftof ce ɗaya da 'yan kuɗin da na tara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Kada ka sayi wannan R710 ɗin, ko da kyauta aka ba ka ka yi tunani sau biyu. Na'ura ce ta 2009, an ƙera ta don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Ko ba ta aikin komai takan sha wat 100 ko fiye. Yi lissafi: wat 100 dare da rana na wata guda yunit 72 ke nan a mita. Ga ƙarar fankokinta, ga zafin da za ta ƙara maka a watan Afrilu. Idan aka ɗauke wuta kuwa, ƙaramar inbata ba za ta riƙe ta da daɗewa ba. Arharta a ranar saye kaɗai take.

Ka fara da laftof ɗinka, yau ma. Shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, ka kunna VT-x, ko AMD-V idan injinka na AMD ne, don laftof ta iya gudanar da wasu kwamfutoci a cikinta, ka sa VirtualBox, manhajar da ke yin wannan aikin, ka girka Debian ko Ubuntu Server guda biyu a ciki. Ka haɗa su, ka ba su adireshi da hannunka, ka shiga ɗaya daga ɗayar ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro. Don koyon rauta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, manhajar kwaikwayo ta Packet Tracer ta Cisco kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista a Networking Academy, kuma ta ishe ka yawancin darussan CCNA, jarrabawar Cisco ta harkar sadarwa. Na ga ɗalibai da yawa sun cika ɗaki da ƙarafa alhali ba su iya raba rukunin adireshi irin 192.168.1.0/24 gida huɗu ba, abin yana damuna, don kuɗin da suka kashe gumin iyaye ne.

Idan laftof ta fara nishi, to lokacin saye ya yi. Nemi ƙananan kwamfutocin ofis na hannu: Dell OptiPlex 7050 Micro, HP EliteDesk 800 G3 Mini, ko Lenovo ThinkCentre M710q. Girmansu bai wuce littafi mai kauri ba, ba su da hayaniya, kuma a zaune wajen wat 10 suke sha, wato ƙasa da yunit 10 a wata. Akwai dalilin da ya sa suke da sauƙi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar injinan Intel irin nasu na zubi na 6 da na 7, sai ofisoshi suke ta rabuwa da su. Kai kuwa Linux za ka sa, babu ruwanka. Kafin ka biya, a kunna a gabanka, ka tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, kuma cajar ta asali ce.

Ragowar kuɗin ka zuba a RAM. Giga 8 za ta fara, amma 16 ce za ta ba ka sukuni, sannan SSD ko da mai giga 256 ce. Ka girka Proxmox a kai, tsarin da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin na'ura ɗaya, kyauta ne, amma ka sani yana share duk abin da ke kan faifan. Da shi wannan ƙaramin akwatin zai zama kwamfutoci biyar ko shida. Ka sauke fayil ɗin girkawa sau ɗaya ka adana a filashi, kada data ta cinye ka.

Yankewar wuta ba zato ba tsammani tana lalata fayiloli, don haka ƙaramar UPS ta fi maka suwic mai tsada amfani. Tsohuwar laftof mai fasasshen gilashi ma saba ce mai kyau, tun da batirinta na jikinta.

Suwic kuwa, mai baki 8 irin TP-Link TL-SG108E ya isa ka koyi VLAN, wato raba layin sadarwa ɗaya zuwa layuka daban-daban. Ka sa OPNsense ta zama katangar tsaro, Pi-hole ya riƙe maka DNS, mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, ka raba layin 'yan gida da na gwajinka, don kada ka katse wa Hajiya WhatsApp ranar da ka ɓata saiti. Za ka ɓata kuwa, kuma a nan karatun yake. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton yanayin na'urar (snapshot) a Proxmox don ka iya maido da ita yadda take, ka kuma riƙe littafi kana rubuta abin da ka canza da abin da ya biyo baya.

Wata rana za ka so shiga sabarka daga makaranta, ka buɗe ƙofa a rauta ka ga shiru. Ba laifinka ba ne: layukan waya galibi suna haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya ta hanyar CGNAT. Ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a sabar da wayarka, tsarinsu na kyauta ya ishe ka, kuma ba sai ka bar ƙofar SSH a buɗe ga duk duniya ba.