Tsohon Kingfisher: kar ka manna kwalekwalen tukuna

Jiya ka tare ni da tambaya muna tsakiyar aiki, ban samu na amsa maka ba. Cewa ka yi: "Maigida, kwalin ƙaramin jirgin roban nan na haɗawa da na samo a gwanjo ya girme ni nesa ba kusa ba. Robar duk gemun rarar zubi a bakin sassa, sitikar ta yi rawaya. In haɗa shi gaba ɗaya ne sannan in fenta, kamar yadda muka yi wa wancan Spitfire ɗin?" To jawo benci ka zauna, ɗana.

A'a, ba haka za ka yi ba. Spitfire tayoyi gare shi, ka ajiye shi a tebur ya tsaya da kansa. Wannan kuwa Kingfisher ne na kamfanin Vought, jirgin saman sojan ruwan Amurka a yaƙin duniya na biyu, kuma a kan ruwa yake sauka. Babban kwalekwale ɗaya ne a ƙarƙashin cikinsa, da ƙanana biyu a ƙarƙashin fukafukai, duk a kan siraran ƙafafu. Idan ka manne su tun yanzu, ta ina buroshinka zai shiga tsakanin ciki da kwalekwale? Kuma kafin ka gama juya shi a hannu ka karya ƙananan nan sau uku. Na sani, don na karya.

Kashi uku za ka yi aikin. Gangar jiki da fukafukai kashi ɗaya, babban kwalekwale kashi ɗaya, ƙananan biyu kashi ɗaya. Kowanne ka gyara shi, ka fenta shi, ka bar shi ya bushe, sai a ƙarshe su haɗu. Amma kafin nan akwai abin da nake so ka sani game da jirgin kansa, don wanda bai san abin da yake kwaikwayo ba gyaran da zai yi ɓarna ce.

An fara tashinsa a 1938, aka ƙera guda 1,519. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, mai rediyo da bindiga a baya. Injinsa ƙarfin doki 450 ne kacal, saboda haka ba jirgin gudu ba ne. Daga kan manyan jiragen ruwa na yaƙi ake cilla shi sama da wata majaujawa mai aiki da albarushi, ya je ya duba inda harsashin igwa ke faɗuwa, ko ya tsamo matuƙan da aka harbo suka faɗa teku. In ya dawo sai jirgin ruwan ya yi kwana don ruwan gefensa ya lafa, shi kuma ya sauka ya hau kan wata raga da ake ja, ƙugiya ta ɗaga shi zuwa sama. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen tsufantar da fenti.

Ɗauko gangar jikin ka shafa da yatsa. Ka ji ƙurajen nan? Kwalayen shekarun 1960 haka ake yin su, a cika jiki da kawunan ƙusa don yara su ga kamar ƙarfe. To shi Kingfisher na gaske da walda ɗigo-ɗigo aka haɗa fatar jikinsa, shi ya sa ta fito sumul, kuma yana cikin jiragen farko da aka yi wa haka. Ma'aunin kwalinka 1/72 ne, wato faɗin fukafukan da ya kusa mita 11 ya dawo santimita 15. Lissafa da kanka: ƙurjin da yatsanka ke ji a nan, in ka ninka shi sau 72, ai ya kai murfin kwalba. Goge su da samfefa mai laushi da ruwa, amma kar ka ci layukan da suka raba faranti da faranti. Su ma a tashe suke, ba a tone ba. Inda samfefa ta cinye maka layi, ja reza sau ɗaya tak a kan rula, za ta tayar da ɗan kunya da zai maye gurbinsa bayan fenti.

Sauran gyaran roba ka san shi. Wanke komai da ruwan sabulu, kankare gemun da reza, gwada kowane sashe a bushe kafin gam ya taɓa shi. In fiffike ya lanƙwashe saboda daɗewa a kwali, tsoma shi a ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, miƙe shi a kan gilashi, danne har ya huce. Tsohuwar roba gautsi gare ta, kar ka murɗe sashe daga jikin reshensa, yanke shi za ka yi.

Babban kwalekwalen shi ne rabin aikin. Kafin ka rufe ɓangarorinsa biyu, sa ɗan guntun dalma a hancinsa ka kafe da gam, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan wutsiya. Ɗinkin da ke bin tsakiyarsa daga hanci zuwa baya nan ido ke fara sauka, don haka cike shi da foti, goge, shafa fentin fari, duba a haske, in ka ga layi ka sake. Sau biyu, sau uku, ba komai. Sai dai ka kula da matakalar nan da ke ƙasansa, wajen tsakiya, inda ƙasan ya yanke ya hau sama. Wani yaro da ya yi aiki a nan kafin ka zo ya ɗauka kuskuren zubi ne, ya cike ta da foti ya goge tas, ya kawo mini yana murmushi. Ita ce ke sa iska ta shiga ƙarƙashi ruwa ya saki kwalekwalen lokacin tashi. Bar bakinta da kaifi.

Ƙafafun kuwa kar ka amince wa gam kaɗai. Huda kan kowace da allura mai kauri ko ɗan ƙaramin maduki, cusa guntun waya, huda inda za ta shiga a jikin jirgin. Da wayoyin nan za ka iya haɗa jirgin duka a bushe, ka duba, ka cire, ka fenta, ka mayar, ramukan suna nan suna jiranka.

Yanzu fenti. Wace shekara kake so jirginka ya wakilta? Dole ka zaɓa, don kala da tambari tare suke tafiya. Labari biyu ne suka yi wa jirgin nan suna. A Nuwamba 1942 wani Kingfisher ya tsinci Eddie Rickenbacker, gwarzon matuƙan Amurka na yaƙin duniya na farko, bayan ya kwashe sama da mako uku a kan robar ceto a tekun Fasifik. Nauyi ya hana jirgin tashi, sai aka ɗaure Rickenbacker a kan fiffike aka yi ta tafiya a kan ruwa. Sannan a ƙarshen Afrilu 1944, a tsibiran Truk da ke tekun Fasifik, Laftanar John Burns na jirgin ruwan North Carolina ya kwashe mutum 10 daga ruwa, wasu a kwance a kan fukafukai, ya kai su ga jirgin ƙarƙashin teku mai suna Tang. Jirgin nasa ya jigata har ba ya gyaruwa, mutanen Tang suka nutsar da shi da bindiga.

Na 1942 kala biyu ne: shuɗi mai toka-toka a sama, toka mai haske a ƙasa. Tambarinsa farin tauraro ne a cikin shuɗin da'ira, babu jan ɗigo a tsakiya, don a watan Mayu na shekarar aka cire shi kar a ɗauke shi jar ranar Japan. Na 1944 kala uku ne, shuɗi mai duhu a sama, matsakaici a gefe, fari a ƙasa, kuma tauraron ya samu fararen sanduna hagu da dama. Mai kala ukun ya fi kyau, ban musa ba. Amma kalolinsa narkewa suke cikin juna, aikin feshi ne, kai kuwa buroshi gare ka. Ɗauki na 1942. In sitikar kwalin na da jan ɗigo daban, kar ka manna shi.

Fara da mai haske, sannan mai duhu. Tsinka fentin ya yi kamar madara, shafa sau uku siri-siri, kar ka nemi rufewa a shafa ɗaya. Kuma kar in ga ka kusanto da tinan mota ko fetur, narkar da robar za su yi nan take. Ga shi hunturu ya shigo: yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, yi fentin da safe kafin iska ta tashi, kana gamawa ka kife roba mai tsabta a kai. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan jirgi mai tsawon tafin hannu dutse ce.

Rumfar gilashin Kingfisher doguwa ce, gida biyu, duk sanduna. Da tsohon zubi gilashin kauri gare shi, ba za a ga cikin sosai ba, don haka kar ka ɓata mako guda kana ƙawata kujeru. Kore, ɗan baƙi, bel na takarda, ya isa. Lokacin ka kashe shi a kan sandunan: yanka salatif na takarda, rufe, fenta na tsaye duka, bari su bushe, sannan na kwance. Da farin gam na kafinta za ka manna shi. Sufa gulu hayaƙinsa zai sa gilashin ya yi hazo, kuma ba ya fita.

Sitikar da ta yi rawaya sa ta a leda, manna a taga tana kallon rana. Ranarmu a kwana kaɗan za ta washe ta. Sitikar kaɗai fa, robar kar ta ga rana. Bayan nan yanki wadda ba za ka yi amfani da ita ba ka tsoma a ruwa. In ta tarwatse, shafa wa sauran banish mai sheƙi siriri, ya bushe, sannan ka yanke kowace dab da bakinta. A kan fenti mai sheƙi ake manna sitika, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi ta yi fari-fari. Banish mara sheƙi daga baya.

Ka tuna ragar nan da ƙugiya? Nan ne tsufan jirgin yake. Ɗan gogewa a hancin kwalekwale da ƙasansa, ɗan dusashewa a bayansa inda ma'aikata ke takawa, hayaƙi kaɗan a bayan salansa. Ban da laka, ban da jar ƙasa. Jirgin da ke kwana a kan teku ina ya ga laka? Tsatsa ma ka yi hankali da ita, jikin alminiyum ne.

Ranar haɗawa ka zo da wuri. Za mu yanka kwali mu yi wa babban kwalekwalen gado a kan gilashi, ya tsaya cak. Kankare fenti daga duk inda gam zai taɓa, don gam ɗin roba ba ya cin fenti. Ɗora gangar jikin, tsuguna ka kalle shi ta hanci da ido ɗaya, sa ashana iri ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike har su daidaita, ka tafi ka bar shi ya kwana. Ƙananan biyu washegari. Ba za su taɓa gilashin ba, kuma daidai ke nan, don a kan ruwa ma ɗaya ne ke taɓawa in jirgin ya karkata. Abin da nake so shi ne tazararsu da gilashin ta zama ɗaya. Wayoyin da ke ɗaure kwalekwalen kuwa, gasa guntun reshen robar a kan kyandir, ja shi ya zama zare, yanka, manna da ɗigon farin gam.

Yau dai wanke sassan ka shanya a inuwa. Gobe ka kawo mini shi a haɗe da salatif, ba ɗigon gam ko ɗaya, mu ga inda zai ba mu wahala.