Tambaya da Amsa: Kwana biyu a Salbado ta Bahiya

Tambaya: Salam Malam, aiki zai kai ni Brazil kuma ina da rarar kwana 2 a Salbado, ance duk tsofaffin coci ne da gidajen tarihi, to ni dai ban san ta ina zan fara ba. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka fara da unguwar Pelourinho, can saman tudu, da ƙafa ake zagawa kuma titin duk dutse ne saboda haka ka sa takalmi mai daɗi. Turawan Fotugal ne suka kafa garin a 1549, shine babban birnin Brazil har 1763.

Cocin São Francisco da gidan sufayenta sun yi suna saboda cikinta kaf an shafe da ruwan zinari, sai dai wani ɓangare na rufinta ya rufto a Fabrairun 2025, ka tambaya tukuna kafin ka je. Ni wadda ta fi taɓa min zuciya itace Rosário dos Pretos, shuɗiyar nan, baƙaƙen fata bayi da 'yantattu ne suka gina ta da hannunsu.

Don Allah kar ka tsallake Museu Afro-Brasileiro, gidan tarihin al'adun Afirka da 'yan asalin Afirka a Brazil, dake filin Terreiro de Jesus. A garin nan fa bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka yi bore a watan azumin 1835, har an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. In ka shiga coci ka cire hula, in ana ibada ka dakata da ɗaukar hoto.