Me ya sa zuwa ya fi dawowa ɗaukar lokaci a jirgin sama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yanki tikitin zuwa da dawowa tsakanin Landan da New York. Na ga an rubuta zuwa New York kusan awa 8, dawowa kuwa awa 7, alhali nisan ɗaya ne. Wani abokina ya ce juyawar duniya ce ke jawo haka. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka gaida abokin naka, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Duniya daga yamma take juyawa zuwa gabas. Da a ce tana gudu ne ta bar jirgi a sama, ai da New York ce za ta taho ta tarye ka, zuwan ya fi sauri. Iskar da jirgi ke ciki tare da duniyar take juyawa.

Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na John F. Kennedy na New York akwai kimanin kilomita 5,550. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kusan kilomita 900 a awa, ka ga lissafi ya ba da awa 6 da 'yan mintuna ke nan. To ina sauran lokacin ya tafi?

Babban dalilin iska ce. Can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jirage ke bi, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, kuma a lokacin hunturu takan wuce kilomita 200 a awa. Kamar mai kwalekwale ne a kogi: in ya bi ruwa ya huta, in ya tunkare shi sai ya yi gumi. Mai zuwa New York tunkarar iskar yake yi, mai dawowa kuwa tura shi take. Shi ya sa kowace rana ake sake tsara hanyoyin da jirage za su bi a kan Tekun Atlantika, masu zuwa gabas su shiga cikinta, masu zuwa yamma su kauce mata ko da hanyar ta ƙaru. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Har yau abin yana burge ni, domin iska ce kawai ta rage masa fiye da awa ɗaya.

Sannan lokacin da ke kan tikiti ba na shawagi kaɗai ba ne. Daga sa'ar da aka janye jirgi daga ƙofa ake fara ƙirga shi, har ya tsaya a ƙofar can. Jiran layin tashi da kewaye a sama kafin a ba matuƙi izinin sauka duk suna ciki.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne agogo. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, kuma galibin shekara Landan tana gaban New York da awa 5. In ka tashi ƙarfe 10 na safe, za ka ga sauka wajen ƙarfe 1 na rana, kada ka ɗauka awa 3 za ka yi a kujera. Wanda zai tarye ka ma, agogon garinsa za ka faɗa masa.