Amsa ga Yaya kan maganar Duna da ƙarin jinin da aka yi masa

Yaya, saƙonka ya iso, kuma daga yadda ka jero tambayar na gane ba kai kaɗai ke yinta ba, an zauna an tattauna ne aka wakilta ka. Wai da gaske ne mun kai karenmu Duna asibiti har an yi masa ƙarin jini, kuma wai ko har yanzu akwai sauran Hausa a jikinmu. Eh da gaske ne an yi masa, ba zan ɓoye ba tunda ba abin kunya na aikata ba. Amma dan Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kai wa su Inna labari, dan rabin zance shi ke ɓata mana suna a wajenku kullum.

Da farko a cire matata daga ciki. Nasan abinda ake cewa, wai tunda na auri 'yar ƙasar nan shikenan ta juya ni, ita ta shigo da kare gida. Duna karen kiwo ne, ni na je da ƙafata na karɓo shi wajen surukina yana ɗan kwikwiyo saboda 'yan tumakin da nake da su a bayan gari, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tattara tumaki shi kaɗai a fili cikin sanyi ya san amfanin kare. Ba ya kwana a ɗakinmu, ba ya taka inda muke sallah, yana da nasa wurin da nasa kwano. Matata ma ta fi ni tsauri a kan wannan, ita ce ke korar yara su je su wanke hannu. Abin yana min ciwo Yaya, duk abinda muka yi mai kyau sai a ce tarbiyyar Baba ce, wanda bai yi muku ba sai a ce matar ce. Baiwar Allahn nan ta koyi Hausa har tana yi wa yara faɗa da ita, ita ta yi jinyar Baba a ƙarshen rayuwarsa, amma har yau in an tashi maganarta sai a ce baturiyar wane.

Ta ɓangaren addini kuma ba mu jahilci komai ba. Mun san hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum, shi ya sa ma da yawa daga cikin mutanenmu na nan ba sa ajiyewa sam, akwai dattawan da har yanzu suke ɗaure min fuska a kan Duna, kar ka ɗauka duk bakinmu ɗaya. Amma mazhabar Malikiyya da mu da ku muke bi ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, wanke kwano sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Kuma kai ka fi ni sanin hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah Ya gafarta masa.

To ga abinda ya faru. Kare ne da baya zama wuri ɗaya, sai na ga ya fara tsayawa a tsakiyar fili yana haki, ya ƙi abinci, da safe na ga fitsarinsa ya yi duhu sosai ja-ja. Na ɗaga leɓensa na duba dasashi, maimakon ja-ja mai ruwan hoda da aka sani sai na ga fari fat da ɗan rawaya-rawaya, farin idonsa ma ya fara yin ɗorawa irin na mai shawara. Likitar dabbobi tana ganin dasashin bata tsaya dogon bayani ba ta ɗebi jini. Akwai awon da ke nuna kaso nawa ne na jini jajayen ƙwayoyi, a lafiyayyen kare yana tsakanin 37 zuwa 55 cikin ɗari, nasa ya faɗo ƙasa da 15. Sai ta ɗiga jinin a kan gilashi ta haɗa da ruwan gishiri na asibiti ta ce in duba, ina kallo da idona jinin ya ƙi gauraya, ya dunƙule ƙanana-ƙanana. Tace wannan alama ce garkuwar jikinsa ta manne wa ƙwayoyin jininsa.

Cutar a taƙaice suna kiranta IMHA. Garkuwar jiki da aikinta shine yaƙar cuta sai ta rikice ta ɗauki jajayen ƙwayoyin jinin karen a matsayin abokan gaba, ta yi musu alama, saifa da hanta su dinga farfasa su, wani lokacin ma tun a cikin jijiya suke fashewa shi ya sa fitsari ke yin duhu. Kamar mai gadi ne ya juya yana dukan masu gida. Ƙwayar jinin kare da ya kamata ta kai wajen kwana ɗari da wani abu tana aiki sai a gama da ita cikin 'yan kwanaki, ɓargo yana ta ƙera sababbi amma baya iya cimma ɓarnar. Likita tace ta fi kama karnuka mata masu matsakaicin shekaru, kuma ta fi yawa a irin karnukan nan masu dogon kunne da ake kira koka safaniyel, amma ba wanda ta ƙyale. Ba a fara magani ba sai da aka nemi dalili, dan wani lokacin cutar kaska ce irin babesiya ke tayar da ita, ko wani magani da aka ba karen, ko ciwon daji a ɓoye. An yi gwajin cutar kaska, an ɗauki hoton ƙirji da na ciki, ba a ga komai ba. Mafi yawansu haka ne dama, ba a gano musabbabi.

Ƙarin jinin da ya tayar muku da hankali, shi ne ma ya fi sauƙin yanke shawara a kai. Ba jinin mutum bane, ba a hana wani ɗan Adam ko ɗigo ba. Karnuka suna da nasu rukunin jinin, kuma akwai manyan karnuka lafiyayyu da masu su ke kaiwa su bada jini. Likita ta faɗa min gaskiya tun farko cewa ƙarin jini baya warkar da cutar, jinin da aka ƙara ma jikin zai hau shi da yaƙi, amfaninsa kawai ya riƙe ran karen kafin magani ya fara kamawa, tunda maganin yana ɗaukar kwanaki. Ƙarin jini na farko yawanci baya kawo matsala, amma in za a sake bayan 'yan kwanaki dole sai an gwada an ga jinin ya dace.

Inda wahala take shine maganin. Ginshiƙin shine firednisolon, wanda mutane ma suna sha, ana farawa da wajen miligiram 2 a kowane kilo na nauyin kare a rana dan a danne garkuwar jikin. Yana aiki, amma Yaya ka ga yadda yake mayar da dabba. Ƙishirwa ba iyaka, ya shanye kwano ya tsaya yana kallonka, fitsari cikin dare sai ka tashi ka buɗe masa ko ka tarar ya jiƙa shimfiɗarsa yana sunkuyar da kai. Yunwa kamar zai ci kwanon. Haki ko yana kwance. Naman cinyarsa da na kansa ya zube har ƙashin saman kai ya fito, ciki kuma ya yi tulu. Kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya, sai a hankali, a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan sati uku in awo ya yi kyau, abu ne na wata uku zuwa shida. An kuma gargaɗe mu kar mu kuskura mu haɗa masa da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dan haɗin yana huda ciki.

Saboda Duna ba ƙaramin kare bane kuma manyan karnuka sun fi shan wahalar firednisolon, sai aka kawo maganar ƙara magani na biyu dan a samu a rage na farkon da wuri. Nan muka zauna ni da matata muka yi ta juya abin. Azatiyofirin ya fi araha amma yana jinkirin kamawa kuma yana iya taɓa hanta da ɓargo, ga shi ɓargon nan shi muke roƙo ya ƙera jini, hantarsa kuma dama awo ya nuna ta ɗan jigata. Saikulosiforin baya cika taɓa ɓargo amma tsadarsa ga kare mai nauyi ba wasa ba, yana sa amai, wasu dasashinsu ya kumbura. Maikofenolet kuma gudawa ce matsalarsa. Na tambayi likita wanne ya fi, tace bincike bai nuna ƙarara cewa ɗaya ya fi sauran ba, kuma wallahi na ji daɗin da bata yi min ƙarya ba. Muka ɗauki saikulosiforin saboda hantar. Ita matata ta so a tsaya a firednisolon kaɗai tukuna a ga yadda zai yi, kuma ra'ayinta ba shirme bane, akwai karnukan da shi kaɗai ya ishe su.

Abinda ban taɓa zato ba shine ba ƙarancin jinin ne kaɗai ke kashe su ba, da yawa gudan jini ne ke tafiya ya toshe jijiyar huhu, kare yana samun sauƙi kawai numfashi ya sarƙe. Shi ya sa aka haɗa masa da kulofidogirel na hana jini daskarewa. Sati biyun farko su ne mafi haɗari, karnuka da yawa basa ƙetare su ko da an yi komai daidai. A kwanakin nan nakan zauna kusa da shi ina ƙirga numfashinsa yana barci, dan an ce in ya wuce talatin a minti yana hutawa in kira su.

An kuma ba mu zaɓin allurar da za ta ɗauke ransa ba tare da ya ji zafi ba, a nan ba abin mamaki bane likita ya faɗi haka, kuma ban ga laifin wanda ya zaɓa ba in ba shi da hali ko dabbar ta gama galabaita. Na yi tunaninsa sosai. Abinda ya tsaya min a rai Baba ne Allah Ya jiƙansa. Baba baya son kare, har ya rasu bai taɓa shafa Duna ba, in ya zo gona sai ya tattare rigarsa. Amma akwai ranar zafi da ya tarar kwanon ruwan ya bushe, ya kira ni gaban yarana ya yi min faɗan da rabon da ya yi min irinsa tun ina yaro, yace dabbar da ka ɗaure bata da bakin roƙo, Allah zai tambaye ka. Shi da kansa ya je ya ɗebo ruwan ya zuba daga nesa. Mutumin nan a wajenku aka haife shi ya girma, ba turawa suka koya masa wannan ba.

Maganar kuɗi kuma, da ka ce mutane na neman na magani mu muna kashewa a kan kare, ta shige ni dan akwai gaskiya a cikinta, nima na yi wa kaina wannan tambayar. Amma ka sani akwai inshora da nake biya masa tun yana ƙarami, ita ta ɗauki mafi yawa, kuma a dokar ƙasar nan laifi ne ka bar dabbarka tana shan azaba ba magani. Sannan ka duba da kyau, a duk watannin nan akwai wanda ya saba samun saƙo daga wajena bai samu ba? Wannan ba a ba da labarinsa, na kare ne ya zagaye dangi cikin kwana ɗaya.

Mu nan da Hausa muke magana a gida, yarana suna durƙusawa su gaida manya, suna zuwa karatu duk ƙarshen mako, in an yi rasuwa ko haihuwa mu ne kan gaba. Hausar tasu tana da ɗan gargada, na yarda, amma kuna yi musu dariya a waya har ƙaramar ta fara jin kunyar yin magana, wannan ya fi damuna fiye da zancen Duna.

Yanzu dai awon jininsa ya hau ya shiga talatin da wani abu, dasashi ya dawo ja, an fara rage firednisolon, yana bin tumaki a hankali amma baya gudu kamar da. Cutar tana iya dawowa, ko ana cikin ragewa ko bayan an daina, kuma in ta dawo likita ta ambaci cire saifa, akwai ma wani irin wankin jini na sauya ruwan jinin da ake yi a manyan asibitoci. Na faɗa wa matata ni iyakata a koma magani daga farko, tiyata sai na ga yana da ƙarfin ɗauka, ita kuma tana ganin in an zo nan a gwada. Bamu daidaita ba har yanzu, mun bar shi sai awo na gaba. Ka gaida Inna, kuma in za ka karanta mata wannan ka haɗa har da wurin maganar Baba.