Amsa ga mai tambayar tufafin shiga kogi a watan Janairu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa abokan aiki sun gayyace ka zuwa Kogin Salmon da ke Fulaski, a arewacin jihar Niyok ta Amurka, domin kamun kifin sitilhed da irin fatsar nan da ake ɗaura wa ƙwaron bogi na gashin tsuntsu, kuma kana so ka san ko babbar rigar sanyin da kake zuwa aiki da ita za ta wadatar. Na daɗe ina shiga wannan kogi a tsakiyar sanyi, don haka abin da zan faɗa maka jikina ne ya koya mini shi.

Rigar nan ta zuwa aiki ka bar ta a mota. Mu da muka tashi da sanyin hunturu mun saba da cewa maganin sanyi shi ne a jibga kaya, riga a kan riga, kuma dabarar tana aiki domin sanyinmu busasshe ne. Wanda zai tsaya awa huɗu ko biyar a cikin ruwa har cinya kuwa, babban abokin gabarsa shi ne jiƙa, ko ta ruwan kogi ko ta guminsa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma ruwan wannan kogi a Janairu kaɗan ya rage ya daskare, ga iska mai busowa daga Tafkin Ontariyo tana kwaso dusar ƙanƙara tana zubawa a yankin.

Abu na farko, kada auduga ta taɓa fatarka: ban da singileti, ban da wandon jins, ban da safar auduga. Auduga takan sha gumi ta riƙe shi, sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Shigata ta farko na sa safar auduga har uku, na cusa ƙafa cikin takalmi da ƙyar, ina ganin na yi wayo. Tafiyar minti ashirin daga inda muka ajiye mota ta sa ƙafafuna suka yi gumi, matsin takalmin ya hana jini gudu, kafin awa ɗaya na daina jin yatsuna gaba ɗaya. Da na koma mota na kunna na'urar ɗumama, zafin da na ji lokacin da jini ya fara komawa sai da ya sa ni hawaye. Tun daga ranar nake sa siririyar safa ta roba a ciki, da mai kauri guda ɗaya ta ulu a kanta, kuma takalmina ya fi ƙafata girma da lamba ɗaya domin yatsu su sami wurin motsi.

A jiki hawa uku nake yi. Na ciki riga ce da wando masu kama jiki, na ulun tumakin merino ko na foliyesta, waɗanda ke fitar da gumi daga fata. Na tsakiya rigar sanyi ce mai laushi da ake kira filis, tare da wandonta, ita ce ke riƙe ɗumi. Na waje kuma riga ce mai hula wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta. Amfanin wannan tsari shi ne kana iya buɗe zif ko ka cire hawa ɗaya lokacin da kake tafiya, ka mayar idan ka tsaya. Ka fara tafiyar kana ɗan jin sanyi, domin wanda ya baro mota yana jin ɗumi zai isa bakin ruwa a jiƙe.

Wandon shiga ruwa, wanda ke kaiwa har ƙirji, iri biyu ne. Akwai na niyofirin, wata irin roba, mai kaurin milimita 3 zuwa 5, wanda ke da ɗumi amma yana da nauyi kuma yana tara gumi, akwai kuma mara nauyi mai barin gumi ya fita, wanda ɗuminsa ya dogara ga abin da ka sa a ciki. Ni na fi son na biyun, sai dai ga mai saurin jin sanyin ƙafa, wanda aka haɗe shi da takalminsa ya fi, saboda ba ya matse ƙafa. Kowanne ka samu, ka ɗaure bel ɗinsa sosai a ƙugu. Na taɓa zamewa a kan dutse kusa da Altma, wani ƙauye a bakin kogin, ruwa ya shiga ta ƙirji, bel ɗin ne ya hana shi cika wandon, na fito da rarrafe. Takalmin ya zama mai ƙusoshi a ƙasa, domin mai shimfiɗar ulu yakan tara dusar ƙanƙara har ka ji kamar kana tafiya a kan turmi. Ka riƙe sanda, ka kuma lura da ruwan, saboda madatsa ce ke sakinsa kuma yana iya ƙaruwa.

Hannu shi ne wurin da ban taɓa samun cikakken magani ba, tunda sai da yatsu ake ɗaure ƙugiya. Ina sa siririyar safar hannu ta roba irin ta asibiti, in ɗora ta ulu mai yankakkun yatsu, in ajiye wata busasshiya a aljihu tare da ƙaramin tawul da 'yan ƙunshin ɗumama hannu. Idan ka kama kifi, ka cire ta ulun kafin ka taɓa shi, ka goge hannu nan take. Ƙanƙara za ta riƙa toshe zobban sandar fatsa; ka tsoma sandar a ruwa ka girgiza, kada ka ɓalle ƙanƙarar da ƙarfi. Kai da wuya kuma hular ulu mai rufe kunne da mayafin wuya sun isa.

Ka yi alwala a masauki kafin ka shiga cikin waɗannan kaya, domin cire su a bakin kogi aiki ne babba, kuma rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar suna kusa da juna. Ka tafi da shayi a filas da dabino, amma kada ka cika shan shayin, saboda kama ruwa a cikin wannan wando wahala ce.

A mota ka ajiye cikakken kayan canji a cikin leda, har da safa da bargo. Idan ka faɗa ruwa, ko ka ga rawar sanyi ta ƙi tsayawa, ko yatsunka sun kasa ɗaure igiya, ko harshenka ya fara nauyi, to ɗumin jikinka ne yake sauka, kuma da zarar ya yi ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Salsiyas lamarin ya zama na asibiti. Ka gaya wa abokan tafiyarka, ka fita ka canza kaya, kifin ranar ka yafe shi. Kafin ku tashi kuma ka sayi lasisin kamun kifi na jihar ta intanet, wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 16.