Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan Blizzard da yaron Hong Kong

Salam ɗan'uwa. Ka tambaya wai da gaske ne kamfanin geim zai iya korar ɗan wasa ya ƙwace masa kuɗin da ya ci saboda kawai ya yi maganar siyasa, kuma in ma'aikatan kamfanin suka yi bore yana canza wani abu ne ko ihu ne bayan hari. To ni dai lokacin da abin ya faru ina cikin masu buga Hearthstone sosai, wato geim ɗin kati na kamfanin Blizzard na Amurka, a waya nake bugawa, data ta na ƙarewa a kansa kamar me, don haka na bi rigimar tun daga ranar farko. Bari in ba ka yadda na gan ta, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ranar 6 ga Oktoba 2019 ne. Wani yaro ɗan Hong Kong, sunansa Ng Wai Chung amma a geim an fi saninsa da Blitzchung, ya ci wasansa a gasar Grandmasters, sai aka zo hira da shi kai tsaye a tashar da ake watsawa daga Taiwan. Ya fito sanye da abin rufe fuska irin na kare hayaƙi mai sa hawaye da tabarau irin na masu zanga-zangar da ake yi a Hong Kong a lokacin, ya ɗaga murya da Sinanci ya faɗi takensu, wato a 'yantar da Hong Kong, juyin juya halin zamaninmu. Masu gabatarwa su biyu suka sunkuya suka ɓoye kawunansu a ƙarƙashin tebur, aka yanke aka sa talla. Shi ke nan fa, ko minti ɗaya abin bai kai ba. Kwana biyu bayan nan Blizzard ta dakatar da shi shekara guda, ta riƙe kuɗin da ya ci a kakar, wajen dala 10,000, su ma masu gabatarwar aka sallame su alhali ba su ne suka furta ba.

Amsar tambayarka ta farko kenan, eh za su iya, kuma da takarda a hannunsu. A dokokin gasar na lokacin akwai wani sashe da ya ce duk abin da ka yi wanda a ganin Blizzard ita kaɗai ya ɓata wa wani rukunin jama'a rai ko ya zubar da mutuncin kamfanin, za a cire ka a mayar da kuɗinka sifili. Ka lura da "a ganinta ita kaɗai" ɗin nan. Wuƙa da nama duk suna hannunta. Mu da muke danna yarda a kan sharuɗɗa ba tare da mun karanta ko layi ɗaya ba, irin wannan muke sa wa hannu kullum.

Abin da ya sa mutane suka ƙi yarda cewa doka kawai aka bi shi ne kuɗin China. Wasannin Blizzard ba sa shiga China kai tsaye, dole sai ta hannun kamfanin gida, kuma wani kamfanin China mai suna NetEase ne ke tafiyar musu da su shekara da shekaru. Tencent kuma, wani babban kamfanin China, na da kusan kashi 5 cikin 100 na Activision Blizzard, uwar kamfanin Blizzard, a lokacin. Ga Diablo Immortal da suke haɗawa da NetEase, ga Call of Duty Mobile da ya fito ranar 1 ga Oktoban nan ɗin, kwana biyar kacal kafin rigimar, wanda situdiyon Tencent ne ya gina shi kuma bai samu izinin shiga China ba tukuna. Sannan a satin ne NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta shiga uku saboda manajan Houston Rockets, Daryl Morey, ya yi rubutu ɗaya a Twitter na goyon bayan Hong Kong, China ta fara yanke hulɗa da su. Ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni fahimtata ba sai wani jami'i ya bugo waya daga Beijing ba, su da kansu suka lissafa asarar suka yi gaggawar wanke kansu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, shafin Hearthstone na Weibo (dandalin sada zumunta na China), wanda ɓangaren China ke kula da shi, ya fito yana cewa za su ci gaba da kare martabar ƙasa, alhali a Turanci ana ce mana babu ruwan China a ciki.

Yanzu maganar ma'aikata, nan ne abin ya fi burge ni wlh. A hedikwatarsu da ke Irvine, Kalifoniya, akwai wani ƙaton mutum-mutumi na dodon nan na Warcraft a kan kyarkeci, an zagaye shi da alluna ɗauke da aƙidun kamfanin. Sai wasu ma'aikata suka samo takarda suka liƙe biyu daga ciki, wanda ke cewa kowace murya tana da muhimmanci da wanda ke cewa a yi tunani irin na duniya baki ɗaya. Ba su zagi kowa ba, kawai sun nuna cewa tunda ba a aiki da su gara a rufe. Wasu kuma suka bar ofis suka taru a gindin mutum-mutumin riƙe da lema, don lema ce alamar masu zanga-zangar Hong Kong. Ba wani taro ne mai yawa ba, 'yan gomomi ne, amma hoton ya zagaya duniya, kuma ka tuna mutanen nan abincinsu suka sa a gaba, a Amurka sallamar ma'aikaci ba wuya gare ta ba balle a masana'antar da ba ta da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi a lokacin.

Daga waje ma wuta ta kama. Brian Kibler, ɗaya daga cikin sanannun masu sharhin Hearthstone, ya ce ya fasa aikin gasar. Ɗaliban American University suka ɗaga kwalin goyon bayan Hong Kong a tsakiyar wasa ana watsawa, su ma daga baya aka dakatar da su wata shida. 'Yan intanet suka ɗauki Mei ta Overwatch, wani geim ɗin na Blizzard, wadda 'yar China ce a labarin geim ɗin, suka mayar da ita 'yar zanga-zanga don su ja wa kamfanin matsala a can. Har 'yan majalisa da ba sa ga maciji da juna, irin su Marco Rubio da Ron Wyden da Alexandria Ocasio-Cortez, suka sa hannu a wasiƙa ɗaya zuwa ga Bobby Kotick, shugaban Activision Blizzard na lokacin.

To me aka samu? Kafin sati ya cika shugaban Blizzard na lokacin J. Allen Brack ya rage hukuncin zuwa wata shida, ya mayar wa yaron kuɗinsa, masu gabatarwar ma aka ce dakatarwar wata shida ce. A BlizzCon, babban taron da kamfanin ke yi da masoya wasanninsa, ranar 1 ga Nuwamba ya hau dandamali ya ba da haƙuri cewa sun yi garaje kuma sun yi jinkirin magana, amma bai ɗage hukuncin ba. Don haka in ka ce boren ya yi amfani, eh ya yi, yaro ya karɓi kuɗinsa. Amma ikon da kamfani ya ba kansa na hukunta magana bai je ko'ina ba, kuma kowane ɗan wasa ya koyi darasin yin shiru, wanda dama shi ake so.

Kuma a wannan lallaɓa China da kamfanonin geim ke yi, wanda ya fi yawa ba ma ka ganinsa, tun a wajen zane ake yinsa. World of Warcraft na China an daɗe da sa wa ƙwarangwal nama, gawar ɗan wasa a mayar da ita kabari. A 2018 Ubisoft ta so cire ƙoƙon kai da injinan caca daga Rainbow Six Siege ga kowa da kowa don shiga kasuwar Asiya, sai da 'yan wasa suka yi ca sannan ta janye. Devotion, geim ɗin wasu 'yan Taiwan, an sauke shi daga Steam, kantin sayar da geim na intanet, a 2019 saboda wani ɗan rubutu a bango da ke tsokanar Xi Jinping, wani kantin mai suna GOG ya ce zai sayar da shi a ƙarshen 2020, cikin sa'o'i ya lashe amansa. Shi kuwa Tim Sweeney, shugaban Epic mai geim ɗin Fortnite, ya ce shi ba zai hukunta ɗan Fortnite kan irin wannan magana ba duk da Tencent na da kashi 40 a kamfaninsa a lokacin, amma fa shi ke riƙe da ragamar kamfanin, yana da bakin faɗa.

Abin dariyar, duk wannan kaffa-kaffa da Blizzard ta yi, a Janairun 2023 yarjejeniyarta da NetEase ta watse, aka kashe yawancin wasanninta a China, sai a 2024 bayan Microsoft ta saye kamfanin suka koma.

Ni kaina ba zan yi maka ƙarya ba, a satin na goge Hearthstone da zuciya ɗaya ina jin kaina wani gwarzo. Da daddare abokaina suka kira ni mu shiga CODM, wato Call of Duty Mobile, na shiga muka raba dare muna harbi. Sai bayan kwana uku wani a cikinmu ya ce min, kai malam, ka san dai Activision ce mai wannan, kuma Tencent ce ta gina shi ko? Har yau in maganar ta taso sai sun tsokane ni da ita.