Hukuncin tazarar haihuwa ga matar da aka yi wa tiyata

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Shekarata bakwai da aure, haihuwata huɗu, biyu daga ciki kwanika na yi. Ta ƙarshen da tiyata aka ciro, yau wata biyar ke nan, kuma likita ta ce in huta shekara biyu aƙalla. Maigidana ɗan ci-rani ne a Legas, ya kuma amince. Amma surukata ta ce shirin Turawa ne na rage yawan Musulmi, kuma jayayya ce da Allah a kan arziki. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ya halatta ki yi tazarar, tunda ta ɗan lokaci ce kuma mijinki ya yarda. A halinki ma ita ce ta fi dacewa, saboda ɗaukar ciki kafin ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari yana ƙara haɗarin yagewarta lokacin naƙuda, Shari'a kuwa ba ta yarda mutum ya cutar da kansa ba.

Asalin mas'alar shi ne azalu, wato miji ya zubar da maniyyinsa a waje. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma a ruwayar Muslim labari ya kai ga Annabi (SAW) bai hana su ba. Akwai hadisin Judama 'yar Wahbu da ya kira azalu ɓoyayyen binne jariri da rai. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan karhanci domin a haɗa shi da na Jabir, karhanci kuwa yana gushewa idan buƙata ta tabbata. Imam Malik ya ce a Muwaɗɗa ba a yi wa mace 'ya azalu sai da izininta, domin tana da haƙƙi a kan haihuwa. Haƙƙin nan na su biyu ne, don haka ita ma ba ta shan magani a ɓoye.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya, kuma haramun ne kashe ƙarfin haihuwa baki ɗaya sai bisa larura. Amma ta halatta jinkirta ciki na wani lokaci, da shawara da yardar juna, ta hanyar da ba ta cutarwa, ba tare da taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Surukarki tana da gaskiya a abu ɗaya: yawan zuriya abin so ne a Musulunci, kuma arziki na Allah ne. Sai dai ayoyin Suratul An'am da Isra'i suna magana ne a kan kashe ɗan da ya samu don tsoron talauci, ke kuwa ba talauci kike gudu ba, lafiyarki da ta goyonki kike karewa. Alƙur'anin da kansa ya sa wa shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara. Ki bar ɗanta ya yi mata bayani cikin ladabi. Daga bakinsa zai fi shiga.

Game da alƙaluman da ake yawan ambata: binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace 5.3 ne a ƙasa baki ɗaya, 7.3 a Katsina, 3.4 a Legas, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna ya sauka zuwa 4.8. A Nijar ya sauka daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a 2021. Waɗannan ba sa gina hukunci, domin Shari'a ba ta yanke wa kowa adadi ba. Abin da malami zai riƙa shi ne abin da ke tabbatar da cutarwa. Binciken 2018 ɗin ya nuna yaran da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan yayyensu suna rasuwa kafin shekara biyar fiye da ninki biyu na waɗanda aka yi wa tazarar shekara huɗu ko fiye, kuma mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Nauyin ma a kan talaka ya fi sauka: a binciken 2018 ɗin matsakaicin haihuwar mata mafi talauci 6.7 ne, masu hali 3.8, kuma matar ƙauye ce take nesa da asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata ranar da abu ya ɓaci. Wannan ne ya sa ba na ganin daidai malami ya tsoratar da irin wannan mata da haramcin da nassi bai zo da shi ba.

Kada ki dogara da shayarwa daga yanzu. Tana hana ciki ne idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da an fara ba shi kunu kariyar ta tafi, nan ne ake yin kwanika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin neman wani ciki.

Allura tana aiki wata biyu ko uku, gwargwadon iri, kuma bayan an daina haihuwa kan jinkirta dawowa, wani lokaci har kusan shekara. Ashanar da ake sawa a damtse tana kai shekara uku ko biyar, robar mahaifa ta tagulla shekara goma, kuma duka biyun ana cire su ranar da aka so. Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai shayar da jaririn ƙasa da wata shida ba, ko mai hawan jini. Matan 'yan ci-rani sukan bar allura ta wuce don miji ba ya gari, sai ya dawo ba zato. Saboda haka hanya mai dogon zango ta fi miki. A auna jininki tukuna, kuma mace ce za ta sa miki robar muddin akwai ta.

Abin da ya fi rikita mata shi ne ɗigon jini da allura da ashana ke kawowa, har wata ta bar salla wata guda. Kuskure ne. A mazhabar Malik, mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba. Idan kwana shida kike yi, iyakarki tara. In jinin yana yankewa yana dawowa, kwanakin jinin kaɗai za ki haɗa, kina wanka kina salla duk ranar da ya ɗauke. Abin da ya wuce haka istihala ne, wato jinin ciwo: za ki yi salla da azumi, mijinki zai kusance ki, kuma an so ki sabunta alwala ga kowace salla. Ba a lissafa sabuwar haila sai bayan tsarki na kwana 15.

Juya mahaifa, wato kashe ƙarfin haihuwa baki ɗaya, bai halatta ba sai amintaccen likita ya tabbatar cewa wani cikin zai iya halaka ki. Idan kuma ciki ya shiga duk da maganin, ba a zubar da shi, ko kafin kwana arba'in, bisa abin dogaro a wurin Malikiyya. Sai ki fara awo da wuri, ki gaya musu an taɓa yi miki tiyata, ki haihu a asibitin da ake yin ta. Wallahu a'alam.